Wai sai da izini zan sare bishiya a gonar gadonmu?

Dan_Bakin_Titi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu sani su warware mini wata magana. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar mana gona a bakin kwalta, a ƙauyenmu nan Jigawa. Gari ya riga ya cim mata, gidaje sun kewaye ta gabas da kudu, ko gero aka shuka awaki ne ke girbewa. Mu tara ne magada, sai muka yi shawarar a yanka ta a sayar, kowa ya kama gabansa. Dillali ya kawo mai igiya aka auna, fuloti 22 suka fita, hamsin-hamsin. To a cikin gonar akwai ɗorawa uku, gawo biyu, kuka ɗaya, da wata tsohuwar tsamiya a bakin titi. Dillalin ya ce ba mai sayen fili da ɗorawa a tsakiyarsa, a kira mai inji ya kwantar da su, kuɗin icen ma ya biya kuɗin awo. Ranar Talata mai inji ya zo, bai gama zuba mai ba sai ga malamin daji a kan babur, ya ce in aka taɓa ko reshe ɗaya ba takarda sai dai mu haɗu a kotu. Ana cikin haka kuma Gwaggo, ƙanwar Baba, ta aiko cewa ɗorawa biyu nata ne, kakanmu ya ba ta tun tana amarya. Wai da gaske akwai dokar da ta hana mutum sare bishiya a gonarsa ta gado? Ko dai na goro ake nema?

Manomi_Zalla:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Na goro yake nema mana, ka sallame shi ka huta. Gonarka, bishiyarka, ina ruwan gwamnati? Ita ta ba ta ruwa?

Tsohon_Malamin_Daji:
@Manomi_Zalla, a'a ɗana, kada ka jefa yaron nan cikin rigima. Na yi aikin gandun daji har na ajiye, kuma abin da ya tarar ba yau aka fara ba. Tun zamanin En'e akwai itatuwan da ba a sarewa ɗanyu sai da izini, ko a gonarka suke: ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, gawo, giginya, maɗaci da ire-irensu. Ganye da 'ya'ya naka ne, ka yi sassabe, ka rage reshe don dabba, ba wanda zai ce maka kanzil. Kwantar da ita gaba ɗaya ne ke buƙatar takarda daga sashen gandun daji na ƙaramar hukuma. Ma'aikaci zai zo ya duba, in ta bushe ko tana shirin faɗo wa gida a ba ka izini, ka biya kuɗin gwamnati a yanka maka rasit. Ba zan rufe wa abokan aikina asiri ba, akwai masu karɓa a gindin bishiya su zuba aljihu. Yadda za ka bambance su abu ne mai sauƙi: ka ce masa mu je sakatariya in biya a can. Na gaskiya zai ce hau mu tafi.

Manomi_Zalla:
Baba na ji, amma ai tirela-tirelar gawayi ke wucewa ta gabansu kullum. Su da takarda suke?

Tsohon_Malamin_Daji:
Wannan ka taɓo inda yake mini ciwo. Ba ni da amsar da za ta faranta maka.

Lauyan_Karkara:
Bari in ƙara a kan abin da Baba ya faɗa, don abu uku ne suka cakuɗe a maganar nan, kowanne da ofishinsa.

Shi fili, tun Dokar Amfani da Filaye ta 1978 duk ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna. A inda gwamna ya ayyana a matsayin birni shi ke ba da takardar mallaka, a karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin zama na gargajiya. Kuma ko a karkarar, sayar da fili da amincewar ƙaramar hukuma ya kamata a yi, takardar mai unguwa da shaidu biyu da muke taƙama da ita shaidar ciniki ce kawai. Sai batun mayar da gona unguwa, wannan aikin masu tsara gari ne, a Kano hukumar tsara birane ta KNUPDA, a Jigawa hukumar raya birane. Dokar tsara birane ta tarayya ta 1992 ta ma ba mai ba da izinin gini ikon gindaya sharaɗin a bar bishiyoyin da aka tarar ko a dasa sababbi, har ya fitar da umarnin kare wata bishiya ta musamman. Sai dai a 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta ce tsara gari hurumin jihohi ne, don haka kowace jiha da tata dokar take aiki. Na uku shi ne dokar gandun daji, wadda ta kawo maka mai babur.

Ɗan'uwa, abin da ka yi awon igiya ne, bai bi ta gaban kowa ba. Shi ya sa ba wanda ya ce maka bar wannan, cire wancan. Malamin dajin ne kaɗai hukumar da ta san da zaman unguwar da kake shirin kafawa.

Dan_Bakin_Titi:
Barista na gode, amma duk unguwannin garinmu awon igiya ne. Har gidan da nake ciki.

Lauyan_Karkara:
Na sani. Har nawa.

Yar_Daddawa:
Duk kun bi doka kun bar Gwaggo a tsaye. Yaya @Dan_Bakin_Titi, ka san abin da ɗorawa biyu ke nufi a wajen tsohuwa kuwa? Ni a hannun kakata na tashi, ɗorawa ɗaya gare ta a gonar da ba tata ba. Da bazara mu tafi da ƙugiya a kan dogon gora, mu zubo, mu kwaso a buhu. A ɓare, a daka a fitar da garin, mu yara mu sha bakinmu ya yi rawaya. Kalwar a wanke a shanya. In za ta yi daddawa tun la'asar take ɗora tukunya, ta kwana tana iza wuta, da safe a surfa da toka a turmi, a wanke ɓawon ya fita, a sake dafawa, a juye a ƙwarya a rufe da ganye da tsumma kwana biyu zuwa uku, har warin nan ya cika tsakar gida. Ko kwasfar ba a zubarwa, makuba ake yi a yaɓe katanga da daɓe. Da kuɗin daddawar nan ta yi wa 'ya'yanta mata uku kayan ɗaki. Ranar da mai gonar ya sayar aka kayar da bishiyar ba ta yi kuka ba, ta dai daina bi ta hanyar har ta rasu. Ku maza in kun dubi ɗorawa buhunan gawayi kuke lissafawa.

Uwar_Biyu:
Wallahi kin faɗi gaskiya. Yanzu daddawar waken suya ta cika kasuwa, miyar kuka ba ta ƙamshin da muka sani.

Dillalin_Filaye:
To tunda an mai da mu azzalumai bari mu ma mu yi magana. Fuloti hamsin-hamsin nawa yake? Babbar ɗorawa in ta baje, rassanta kaɗai sun kusa rufe shi. Mai saye talaka ne, ɗaki biyu da shago yake son yi, ya haƙa shadda, ya bar wa matarsa wurin shanya. Ina zai sa bishiyar? Na taɓa riƙe fuloti mai kuka shekara biyu ba wanda ya taya, na kusa da shi an sayar har an tare. Ba ƙin bishiya muke ba, abin da kasuwa ke so muke kawowa. Kuma magada tara kowa ya ƙosa a ba shi nasa, wa zai yarda a cire fuloti guda daga rabo saboda inuwa?

Safiyo_Mai_Ritaya:
Alhaji Dillali, gaskiyarka a kan fulotin, amma laifin na awon ne. Mai igiya yana farawa daga kusurwa ya yi ta jan layi kamar mai yanka alewa, bishiya ta faɗo inda ta faɗo, sai a ce ta tsaya a tsakiyar fili. Ita kuwa tana nan tun kafin a haifi mai igiyar. Mu a aikinmu abin da ke ƙasa ake fara sawa a takarda: bishiya, rijiya, kwari, hanyar ruwa, burtali, turken lantarki. Daga nan a ja hanyoyi. Bishiya bakwai a gona irin wannan, in aka karkata layi ɗaya aka gusa wani, sai ka ga biyu sun faɗo a mahaɗar hanya, ɗaya a filin masallaci, ɗaya a kan iyaka. Wataƙila fuloti ɗaya ko biyu su tafi. Wanda ba yadda za a yi da shi a nemi izini a cire.

Sannan @Dan_Bakin_Titi, tsamiyar nan ta bakin kwalta, taku nawa ce daga tsakiyar titi? In titin tarayya ne, mita 45.72 daga tsakiya kowane gefe, wato ƙafa 150, hurumin hanya ne. Na jiha ma yana da nasa. Zai iya yiwuwa tsamiyar da fulotin gaba duk a cikin hurumin suke. Ka sayar wa mutum ya yi shago, ranar da za a faɗaɗa titi a zo a shafa masa jan fenti, kai zai nema.

Dan_Bakin_Titi:
Innalillahi. Baba Safiyo ban auna ba, amma ba ta fi taku ashirin ba. Kuma fulotan gaban su ne masu tsada.

Dillalin_Filaye:
Kowa a bakin titi yake gini, Baba kada ka tsorata yaro.

Safiyo_Mai_Ritaya:
Kowa yana yi, kuma kowa ya ga katafila in ta zo.

Malam_Na_Zaure:
A kan maganar Gwaggo. A fiƙihunmu na Malikiyya in an sayar da ƙasa, gini da bishiyar da ke kanta suna bin cinikin sai in an toge. Amma wannan in bishiyar ta mai sayarwa ce. Idan kakanku ya yi mata kyauta, ta karɓa, tana girba shekara da shekaru mahaifinku yana gani bai hana ba, to ɗorawan nan ba su shiga gadonku ba tun farko, ba a raba abin da mamaci bai mallaka ba. A nemo dattawan da suka sani, a zauna gaban dagaci ko alƙali. Kuma hadisi ya inganta a Buhari da Muslim cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Wanda ya raini bishiyoyin nan yana kabari ladansa na tafiya. Ku yi tunani kafin ku yanke masa.

Dan_Bakin_Titi:
Allah gafarta Malam, ba wanda ya musa kyautar. Duk mun taso muna ganin 'ya'yanta na zuwa girbi. Ƙannena cewa suke a ba ta kuɗi.

Malam_Na_Zaure:
In ta yarda da daɗin rai, halal ne. In an taru a kanta har kunya ta sa ta karɓa, wannan kuma wani abu ne.

Birkila_Na_Gari:
Ni ta ɓangaren gini zan zo. Masu cewa a bar bishiya kusa da ɗaki su zo su ga abin da nake gani. Dogon yaro ya fi kowa ɓarna, saiwarsa ruwa take bi, na sha fasa sokawe in tarar ta cika shi kamar gashin kai, na ga katangar bulo da ta ɗaga ta tsage daga ƙasa har sama. Ceɗiya da durumi ma haka. A ƙofar gida, nesa da harsashi da shadda, lafiya lau. Gawo kuwa reshensa kan ɓalle ba sallama, ga ƙaya, ban ba kowa shawarar kwana ƙarƙashinsa ba. Tsamiya ce mai mutunci, ba ta da wannan rigimar sosai.

Gwanin_Shayi:
Tsamiya mai mutunci? Birkila ka taɓa bi ta gindinta da tsakar rana? Mai injin ma Allah ne ya taimake shi malamin daji ya zo, da yanzu ana masa ruƙiyya.

Uwar_Biyu:
Kai dai ba ka rabo da shiririta. Amma fa tsoron nan ne ya tsare tsamiyoyi da kukoki da yawa, ya fi malamin daji aiki.

Mai_Gawayi:
Tun ɗazu ake ta jifanmu da habaici. Wa ke sayen gawayin? Ku ne mutanen gari. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, gas ya fi ƙarfin mutane, mai shayi da mai gurasa da matar aure duk sun dawo kan kurfoti. Ni ƙirya da marke nake nema, su ke gawayi mai nauyi, yanzu sai an yi tafiya mai nisa kafin a gan su. Kuma bari in tona wani asiri tunda ana maganar izini. Masu gonar da kansu ke kashe bishiyar. Mutum ya zo da dare ya sassaƙe ɓawon ya zagaye gindin, ko ya tara kara ya cinna wuta, ko ya tona ya zuba baƙin mai. Shekara na zagayowa ta bushe, ya je ya ce ga busasshiya a ba shi takarda. Sannan ya kira ni.

Tsohon_Malamin_Daji:
Bai yi ƙarya ba. Ina ganin zoben nan a gindi na san aikin hannu ne, amma wa zai ba da shaida a kan maƙwabcinsa?

Makiyayi_Na_Ruga:
Ku bar gawo don Allah. Da rani in ciyawa ta ƙare, shi kaɗai ke da ɗanyen ganye, 'ya'yansa kuma shanu da tumaki har gudu suke in sun ji faɗuwarsu. An cinye burtali da gini, an cinye makiyaya, yanzu gawon ma.

Dan_Maradi:
Gaisuwa daga ƙetaren iyaka, ni ɗan Maraɗi ne amma Maigatari nake cin kasuwa duk Alhamis. Abin da zan ce ya ɗan saɓa wa na Baba malamin daji, ya yi haƙuri. Mu a Nijar da can doka ta yi tsanani, itace na gwamnati ne, manomi in ya ga tsiro a gonarsa cire shi yake tun yana ƙarami don kada ya girma ya jawo masa tara. Gonaki suka zama fili fetal. Bayan yunwar 1984 aka koma sassaben zamani: kututturen da ke tofowa a gona, maimakon ka ƙone shi, ka zaɓi rassa biyu uku masu ƙarfi ka bari, ka datse sauran. Da mutane suka tabbata icen da suka raina nasu ne, su yi makamashi su sayar, sai suka riƙa tsaronsa da kansu. Ana ƙiyasta fili wajen hekta miliyan 5 ya farfaɗo a yankunan Maraɗi da Damagaram. Ku bi ta Matamaye ko Magarya ku ga gawo a gonaki. Gero kuma a gindinsa ya fi kyau, tunda da damina yake zubar da ganye ba ya hana rana. Tsoron tara bai taɓa raya mana bishiya ba.

Dalibar_Gandu:
Baba na Maraɗi, wannan a gona ne, inda manomi ke zaune da bishiyarsa. Wanda zai sayar ya tafi fa? Ba abin da zai ci a jikinta gobe, shi ya sa a wajen yanka filaye dole sai da ƙa'ida. Kuma abin haushi, Jigawa da Kano suna cikin jihohi 11 na shirin Babbar Katangar Bishiyoyi, an kafa masa hukuma ta tarayya tun 2015, kowace damina ana raba dashe ana ɗaukar hoto. Dashen nan in ba a kewaye shi an yi masa ban ruwa rani biyu ba akuya ce ke gamawa da shi. Ɗorawa kuwa sai ta yi shekaru kafin ta fara 'ya'ya, irin ta Gwaggo sai jikoki. Ku duba sunayen unguwannin Kano: Ɗorayi, Giginyu, Kurna, Rimin Kebe, Tsamiyar Boka. Ku je ku ƙirga abin da ya rage na masu sunan.

Direban_Ikko:
A Legas ma sai da izinin hukumar lambuna ake sare bishiya, har ranar dashe gare su, 14 ga Yuli.

Bako_A_Ingila:
Nan inda nake karatu ƙaramar hukuma kan sa wa bishiya ɗaya tak umarnin kariya, ko a tsakar gidanka take ba ka rage mata reshe sai ka rubuta an amsa. A wasu tsofaffin unguwanni sai ka ba da sanarwar mako 6. Mai gina rukunin gidaje kuwa tare da zanen gini yake kai taswirar bishiyoyi, a kewaye su da shinge kafin mota ta shiga.

Manomi_Zalla:
Su da suka ƙoshi. Mu nan marayu tara ke jiran kuɗin gado, ana ba mu labarin Ingila.

Shugaban_Zaure:
Jama'a mun yi nisa. Mai tambaya cewa ya yi akwai doka ko babu, kuma ya zai yi da Gwaggo. A dawo kan hanya, a bar gawayi da aljanu zuwa wani zaman.

Lauyan_Karkara:
A taƙaice dai kada inji ya sake shiga gonar. Ka ɗauki dagaci ku je sakatariya, sashen gandun daji da na filaye, duk abin da aka ce ka biya a rubuta a ba ka rasit. Wani abin kuma, in gwamnati ta karɓi fili don aikin jama'a, a kan gini da amfanin gona da itatuwa masu amfani ake lissafa diyya. Tsamiyar da kake son kayarwa kyauta tana da kuɗi a takardar masu ƙiyasi.

Dillalin_Filaye:
Ku dai ku sani in aka sake awo, mutum huɗu da suka ba da kafin alƙalami sai an mayar musu ko a canja musu wuri. Ni zan sha zagin.

Dan_Bakin_Titi:
Salam, ga yadda aka kwana. Jiya mun je sakatariya da wakilin dagaci. An ce kukar da gawo ɗaya za a zo a duba, ɗorawa da tsamiya kuwa kada mu sa rai. Ɗaya gawon ba sai an duba ba, ashe ƙanena ya kai wani mai injin ranar Laraba da asuba ban sani ba, na je na tarar da kututture da garin katako, har an loda rassan a kura. An yanka mana tara, mun biya, da rasit. Na kuma je wajen Gwaggo da kaina. Na kawo maganar kuɗi, ta ce in tashi in ba ta wuri, ita ba ta sayar da abin da ubanta ya ba ta, in ta mutu mu yi yadda muka ga dama. Yayarmu ta ce a cire fulotin da ɗorawan suke a sa a rabonta, ta yarda, Gwaggo ta ci gaba da girbi. Ƙannena biyu sun ce fulotin ya fi sauran girma, ba su yarda ba. An sa zama bayan sallar Juma'a a gidan dagaci. Baba Safiyo, in na turo maka hoton takardar awon ta akwatin sirri za ka duba mini?

Safiyo_Mai_Ritaya:
Turo. Ka sa ɗigo a inda kowace bishiya take, ka taka daga tsakiyar kwalta zuwa tsamiyar ka faɗa mini taku nawa. Da kututturen gawon ma, in ba a ƙone shi ba zai tofo.

Yar_Daddawa:
A gaishe mini da Gwaggo. In kalwar bana ta yi saura ina son tiya biyu, zan aiko ɗan mota.